Ajin kunna ƙwai da allura da takarda a Tudun Wada: abin da na gani, da abin da ke buƙatar gyara

Akwai wani ɗan aji na ƙarshen mako a Tudun Wada ta Kaduna, ba nisa da Kasuwar Barci, inda wata matashiya da ta karanci lantarki take koya wa yara da manya yadda ake kunna ƙaramin ƙwan lantarki da takarda, yadi da zare. Ni tela ce, ina da 'yan mata masu koyon ɗinki a hannuna, kuma domin su na shiga, tare da 'yata da ke aji biyu na ƙaramar sakandare. Kuɗin kowane mutum ya kai kuɗin ɗinkin atamfa biyu a shagona, da kayan aiki a ciki. Ra'ayina shi ne ajin ya ci kuɗinsa, amma rabinsa ya fi rabinsa kyau nesa ba kusa ba, kuma akwai magana ɗaya da ba zan yi shiru a kanta ba.

Da takarda aka fara. Kowa an ba shi kwali mai ɗan tauri, naɗin tef na jan ƙarfe mai gam a baya, ƙananan ƙwayayen LED, da batir mai faɗi irin na makullin mota, wanda aka rubuta wa CR2032. Malamar ba ta bari mun manna komai ba sai da kowa ya matse ƙafafun ƙwan biyu a jikin batirin da yatsunsa. Wasu nasu ya kama, wasu shiru. Sai ta ce masu shirun su juya. Daga nan kowa ya gane da hannunsa cewa wannan ƙwai ta hanya ɗaya kawai wuta ke ratsa shi: doguwar ƙafa tana zuwa fuskar batir mai alamar tarawa, gajeriyar kuma ɗaya fuskar. Batirin bolt 3 ne, ba ya jan mutum, don haka babu yaron da ya ji tsoron taɓawa. Wannan tsari na a taɓa kafin a yi bayani shi ne ƙarfin ajin, kuma haka ta riƙe shi har ƙarshe.

Bayan haka muka zana hanya da fensir a kan kwali, daga batir zuwa ƙwai, daga ƙwai a dawo batir, muka bi zanen da tef. A nan ta daɗe, kuma ta kyauta da ta daɗe. Matsalar duk a kwana take. Idan ka yanke tef ɗin a kusurwa ka ɗora wani a kai, gam ɗin da ke tsakani yakan hana wuta wucewa sosai, sai ƙwan ya riƙa ƙyaftawa ko ya mutu. Abin da ake so shi ne a lanƙwasa shi ba tare da an yanke ba: a fara naɗe shi baya, sannan a kwantar da shi ta inda ake son ya bi. Duk wadda ta taɓa kafa leshi ko ɗan tofi a wuyan riga mai kusurwa ta san wannan lanƙwasa, hannuna bai yi gardama ba ko kaɗan. Makunni kuwa ba a saye shi ba. Giɓi aka bari a hanyar, aka manna guntun tef a gefen kwalin da ake ninkewa, in ka danna ya cike giɓin, ƙwai ya kama. 'Yata ta yi katin barka da Sallah, wata da tauraro, tauraron yana haske in an rufe katin.

Abin da ya fi burge ni a ɓangaren takarda shi ne lokacin da wani yaro ya jera jan ƙwai da shuɗi a hanya ɗaya, jan ya kama, shuɗin ya dushe. Malamar ba ta karɓi kwalin ta gyara masa ba. Ta tara mu, ta ce jan ƙwai kusan bolt 2 yake buƙata ya kama, shuɗi da fari kuwa sai wajen 3, shi ya sa idan suka haɗa batir ɗaya gefe da gefe, jan ke shanye wutar. Ta kuma nuna cewa idan aka jera ƙwai biyu ɗaya bayan ɗaya, bolt 3 ba zai ishe su ba. Sannan ta fito da mita irin ta masu gyaran rediyo, ta sa ta a wurin da take yin ƙara idan hanya a haɗe take, ta miƙa wa yaran. Suka bi ɗakin suna gwada cokali, almakashi, zobe, takardar alminiyam ta naɗe gasasshen kifi, har da layin da aka dirza da fensir sosai a takarda, wanda mitar ta nuna yana ɗaukar wuta kaɗan. Ban taɓa ganin 'yata ta riƙe wani abin gwaji a makarantarsu ba, duk da suna karanta lantarki a littafi.

Ɓangaren yadi shi na zo nema, kuma a nan ne ra'ayina ya rabu biyu. Zaren da aka ba mu na ƙarfe ne marar tsatsa, ruwan toka, ya fi zaren keke kauri, yana da santsi da taurin kai. Da shi ake ɗinke hanya maimakon tef. Ƙwayayen ma daban ne, shafaffu, a kan ɗan faranti mai huda biyu da allura ke shiga. Malamar ta ce an kwaikwayo su ne daga LilyPad, kayan lantarki na ɗinkawa da Leah Buechley ta ƙirƙira a Amurka, suka shiga kasuwa a 2007. Ita matar daga baya ta jagoranci wani rukunin bincike a jami'ar MIT, kuma ɗalibarta Jie Qi ce ta shahara da lantarkin takarda har ta kafa kamfanin Chibitronics tare da abokan aikinta. Na ji daɗin da ta faɗi wannan a gaban 'yan mata, domin a unguwarmu waya da batir har yanzu ana ɗaukarsu aikin samari ne.

Bayanin lantarkin babu laifi. Ta gaya mana layin tarawa da na ɗebewa kada su taɓa juna ko da gashin zare ɗaya ne, in ba haka ba wuta ta bi gajeriyar hanya, ƙwai ya mutu, batir ya ƙare da wuri. Ta ce zaren yana rage ƙarfin wuta gwargwadon tsawonsa, don haka kada a kai batir gindin riga a kai ƙwai wuya. Ta nuna yadda maɓallin ƙarfe na dannawa, irin wanda muke sa wa kayan jarirai, yake zama makunni idan an ɗinke kowane ɓari da layinsa. Wannan dabara ta yi mini daɗi ƙwarai, domin maɓallin nan cike yake da shagona.

Amma ɗinkin kansa ba ta iya koyar da shi ba. Allurai ƙanana ta raba, zaren ba ya shiga idonsu, rabin lokaci ya tafi a zura zare. Yadin da ta kawo sulɓi gare shi, yana tattarewa. Ƙullin wannan zare kuma yana warwarewa da kansa, ba ta ce komai a kai ba sai da ƙwayayen yara suka fara mutuwa. Na ce mata, “Malama, ki bari a zagaya hudar sau uku ko huɗu a ja da ƙarfi, a ƙulle ta baya, a ɗiga jan farce marar launi a kan ƙullin.” Ta ce, “Anti, don Allah ki zo gaba ki nuna musu.” Na yaba da wannan hali nata, ba kowace malama ce za ta yi haka a gaban ɗalibanta ba. Sai dai wanda ya biya kuɗi bai kamata darasinsa ya dogara da ko an yi sa'ar samun tela a cikin aji ba. A gefen Kasuwar Barci take, inda teloli ba su ƙirguwa. Ta ɗauki ɗaya su riƙa koyarwa tare, ta sayi allura mai babban ido da zawwati mai kauri.

Sai maganar kaya bayan an tashi. Ƙwai ba matsala ba ne: masu sayar da kayan gyaran rediyo a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi suna da masu ƙafa, kuma duk matacciyar tocila akwai su a ciki. In an murɗe ƙafafun da filaya suka zama zobe, allura na shiga, sun ɗinku kamar na farantin. Batir akwai wajen masu agogo. Maimakon tef, takardar alminiyam da aka yanka siriri aka manna tana aiki. Zaren ne ban samu ba, na tambaya a Barci, na tambaya a babbar kasuwa. Ɗan abin da aka ba mu bai wuce na ɗinkin jaka ɗaya ba, kuma malamar ita ma ta intanet take sayowa. Na gwada siririn gashin jan ƙarfe da aka zare daga tsohuwar waya, na kwantar da shi a kan yadi na bi shi da zaren keke. Yana kunna ƙwai, amma yana karyewa in an yawaita lanƙwasa yadin. Ya yi a allon bango, bai yi a riga ba. Da za ta riƙa sayar da zaren a ƙananan naɗi, da yawancinmu mun saya.

Abin da ya fi damuna shi ne batirin. An sallami yara 'yan firamare da shi a hannu, a kwali buɗaɗɗe, kuma gargaɗin da aka yi bai wuce a cire shi kafin wanki ba. Wannan batir faɗinsa milimita 20 ne, yana ƙyalli, daidai abin da mai rarrafe zai kai baki. Idan ya maƙale a maƙoshin yaro yana iya ƙona naman wurin cikin awa biyu, ko da ya yi sanyin da ba ya kunna ƙwai. Gidajenmu kuwa ba a rasa ƙanana. Ya kamata a faɗi wannan tun ranar farko, a gaya wa iyaye da baki, a kuma koya wa kowa ɗinke aljihun batir ta yadda ƙaramin yaro ba zai iya zaro shi ba. Na gaya mata, ta ce za ta gyara, ina kuma fatan ta yi kafin rukuni na gaba.

Wurin kansa ƙarami ne, tabarma da tebur biyu, akwai zafi da rana, amma aikin ba ya buƙatar wutar gida, ko an ɗauke ba a tsayawa. Malaman firamare da ƙaramar sakandare su ne za su fi cin riba, domin darasin takarda ana iya maimaita shi a kowane aji da kuɗi kaɗan. Yaro daga shekara tara zai iya binsa. Teloli da masu ɗinkin hula su je da allurarsu da guntayen yadinsu, kuma su tambayi batun zare kafin su biya. 'Yan matan shagona biyu zan tura a zagaye mai zuwa, na ce su riƙe mini tambaya a kan ko zaren zai zauna a kwarkwaron keke.