Na ba mai deko aikin falo da ɗakin kwana, ga yadda abin ya kasance

Salam 'yan uwa. Masu ta tambayata a kan yarinyar nan mai aikin deko da ta tsara mana gida bayan mun tashi, to ga bayanin nan gaba ɗaya. Da gangan na jira sai da kayan suka ga hunturu suka ga zafi suka ga damina kafin na ce komai, don kayan ɗaki ranar da aka jera su kowanne kyau gare shi. Ba zan kama sunanta ba saboda akwai inda zan yaba mata sosai akwai kuma inda raina ya ɓaci.

Gidan haya ne a nan Kano, falo ɗaya da ɗaki biyu, irin ginin nan na yanzu da ake matse ɗakuna. Tsofaffin kayan aurena dillaliya ta ɗauka muka yi ciko, shi ya sa komai daga farko aka fara.

Abin da ya fi burge ni da ita, wanda wallahi shi kaɗai ma ya isa a biya kuɗinsa, shi ne awo. Ba ta fara nuna min hotuna a waya ba kamar yadda sauran suke yi, tef ta ciro ta auna ɗakin kwana, ƙafa 12 ne a 12, sannan ta ɗauko salatif na takarda ta zana girman gado da wadirob da madubi a kan tayil, ta ce Anti shiga ki zaga ki gani. Ni a raina gadon nan nake so mai ƙaton kai irin na Turkiyya da durowar gefe biyu da wadirob mai ƙofa shida. To gado 6 a 6 kaɗai ya cinye kashi ɗaya cikin huɗu na ɗakin tun kafin a saka firam ɗinsa, in kika ƙara durowa hagu da dama kin kai wajen ƙafa 9 da rabi a bango guda, shi kuma wadirob zurfinsa ƙafa 2 ne, to ina za ki tsaya ki buɗe ƙofarsa? Kafinta ba zai taɓa gaya miki wannan ba, shi dai ki ce saiti kaza ya buga miki, sai ranar jere a ga ana ta juya gado ana toshe taga da wadirob.

Abin da muka tsaya a kai, gado 6 a 6 mai sauƙin kai, durowar gefe ɗaya tak, wadirob a bangon da ke kallon ƙafar gado mai ƙofar turawa gefe, madubin kuma aka manna shi a jikin ƙofar wadirob ɗin, ba a yi masa teburi daban ba. Tsakanin gado da wadirob an samu kusan ƙafa 3, mutum ya wuce a sake. Kuma ita da kanta ta tambaye ni ina alƙibla take a ɗakin, ta bar min fili ta wannan ɓangaren daidai shimfiɗa darduma ba sai na ja wani abu ba. Wannan ya shiga raina gaskiya, don gidaje nawa ne za ka shiga ɗakin amarya a rasa inda za a yi salla sai an fito falo.

A falo ne muka fi daɗewa muna ja. Abban yara yana son saitin nan na royal, mai zaman uku da biyu da ɗaya ɗaya, da tebur na gilas a tsakiya. Sai ta ce masa Yallabai a ina kuke cin abinci, a ina yara suke aikin makaranta, in 'yan uwa mata sun zo a ina suke zama? Duk amsar ɗaya ce, a ƙasa. Mu fa a kan kafet muke rayuwa, nan ake shimfiɗa leda a sha ruwa da azumi, nan ake baje kaya ana hira, kujera ta baƙi maza ce da kallon labarai. Shi ne ta kawo shawarar kujera mai lanƙwasa ɗin nan da ake jinginawa a kusurwa, da ƙaramar guda ɗaya ta maigida, tsakiya a bar shi fili da babban kafet da tum-tum, maimakon teburin tsakiya aka yi ƙananan stul da ake turawa gefe. Yanzu falon in an yi taro yana ɗaukar mutane fiye da na tsohon gidanmu da ya fi shi girma, kuma hankalina ya kwanta da batun yaro ya faɗa kan gilas.

Yadin kujera ma ta yi gaskiya. Velvet yana da kyau a hoto amma ƙurar hunturu in ta shige shi sai ya dishe, ita kuma ledar nan da ake cewa fata ce alhali roba ce, zafin Maris da Afrilu ke sa ta tsage ta dinga ɓarewa. Muka ɗauki yadi mai kauri ruwan toka, filallikan duk da zif ana cirewa a wanke, ƙafafun kujerar kuma da ɗan tsayi yadda tsintsiya da mofa ke shiga ƙasa. Soso mai ƙarfi aka saka, har yau bai lotsa ba duk da tsalle-tsallen yara. Ta ce katakon firam ɗin daga 'Yan Katako na Na'ibawa kafintanta ya ɗauko kuma busasshe ne, na yarda da ita don ɗanyen katako da hunturu ake gane shi, ya dinga ƙara yana buɗewa ta wajen haɗi, wannan kuwa shiru. Wadirob HDF ne ba MDF ba (duk allo ne na garin katako da aka matse, amma HDF ya fi ƙarfi), kuma an ɗora shi a kan 'yan ƙafafu don ruwan mofa kar ya taɓa gindinsa, wanda ya taɓa ganin yadda MDF ke kumbura in ya sha ruwa ya san amfanin wannan.

To yanzu inda ban ji daɗi ba.

Na farko lokaci. Ranar da ta ɗauka za a kawo kaya ta wuce da nisa, muna kwana a katifa a ƙasa kayan sawa a cikin Ghana must go, kuma abin da ya fi min ciwo ba jinkirin ba ne, rashin ɗaga waya ne. Na san halin kafintoci, na san wuta ba ta zama, amma ai dalilin da ya sa na biya ki ke nan don kar ni na dinga bin kafinta. Ko saƙo ɗaya ne a turo a ce Anti a yi haƙuri zuwa jibi, ya wadatar.

Sai labule, nan kam an yi min ƙwauro. Labule in ana so ya yi tattara mai kyau yadin sai ya ninka faɗin taga sau biyu, wanda aka kawo da ƙyar ya rufe tagar, a miƙe kamar an rataye zani, ga shi shara-shara, tagar ɗakin kuma yamma take kallo, daga azahar zuwa la'asar rana har kan gado. Da na yi magana sai aka ce ai kuɗin ne bai kai ba, to me ya hana a gaya min tun farko? Da kaina na shiga Kantin Kwari na sayo ƙarin yadi da na shafi mai kauri na kai wa tela, kuma a nan ne na gane farashin da aka rubuta min ya yi sama da na kasuwa sosai. Ba na ƙin mutum ya ci riba, sana'arta ce, amma da ta ware min ta ce ga kuɗin kaya ga kuɗin aikina da ya fi min, ba a dunƙule komai a lamba ɗaya ba. Duk wadda za ta ba da irin wannan aikin don Allah ta sa a rubuta mata komai dalla-dalla, yadi nawa, wane irin katako, wane soso, ranar kawowa, kuma kar ta biya kuɗi duka sai kaya sun shigo gida.

Na ƙarshe takardar bango. Ta dage sai an manna a bangon bayan talabijin, ta yi kyau ba ƙarya, amma bangon nan bayansa banɗaki ne, damina na kankama danshi ya fito ta fara kumbura tana ɗagowa daga ƙasa har da baƙin tabo. Mutumin da ya auna ɗaki da wannan natsuwar ya kamata ya leƙa ya ga me ke bayan bango kafin ya manna abu. Da na kira ta ta zo ta gani kuma ta amsa cewa ba ta duba ba, ta ce za ta cire ba tare da na biya kuɗin aiki ba, wannan na yaba. Yanzu muna jiran mai gidan hayar ya turo mai gyaran famfo a duba bututun, in bango ya bushe fenti mai santsi za a yi wanda ake gogewa da tsumma.

Ɗakin yara ne ya rage ba mu taɓa ba, kuma ita zan sake kira ta auna ta zana min, don gado mai hawa biyu nake so da ɗan teburin karatu a gindin taga kuma ɗakin ya fi namu ƙanƙanta. Amma wannan karon kuɗin awo da shawara kawai zan biya ta, yadi da labule ni zan sayo, kafinta kuma a gabana za a yi ciniki da shi.