ERG ko oftalmoskop, wanne za ka fara saye?

Ƙanena, don duba idon dabbobi, tsakanin na'urar ERG ta hannu (mai auna lantarkin cikin ido) da aka yi maka tayi da oftalmoskop (fitilar leƙa cikin ido), ɗauki oftalmoskop ka huta.

Oftalmoskop ɗina a aljihun riga yake kwana. Gab da babbar salla wani dattijo ya kawo mini rago balami daga Tawa, yana ta karo da bango. Ido garau, ba hakiya ba yana, sai dai baƙin idon ya buɗe wangale, ko ka haska tocila ba ya tsukewa. Da na leƙa ciki na tarar kan jijiyar gani ya kumbura. Na ce, "Baba, me aka ɗura masa?" Ashe closantel ne, maganin tsutsar hanta, aka ninka masa don ya yi saurin ƙiba. Irin wannan makanta ba kasafai take warkewa ba, amma mun tsare sauran garken a ranar. Haka za ka kama kyanwar da aka zarce mata enrofloxacin fiye da miligiram 5 a kowane kilo a rana, maganin yana cinye retina, wato shimfiɗar bayan ido mai karɓar haske.

ERG kuwa, ban ce ba ta da amfani. Tana auna ɗan lantarkin da retina ke fitarwa idan aka walƙa mata haske, kuma ita ce ke faɗa maka ko retinar kare mai yana tana da rai kafin a yi masa aiki, tunda yanar ta rufe hanyar leƙawa. To amma aikin yanar kare nawa za ka yi a shekara a nan Yamai? Sai ka kwantar da dabba da allura, ka ajiye ta a duhu kamar minti 20, ka ɗora wayar na'urar a kan idon, sannan ka yi addu'a kada a ɗauke wuta. Kuma ba gani take aunawa ba: idan matsalar a jijiya ko ƙwaƙwalwa take, sakamako zai fito lafiya lau alhali dabbar makauniya ce.

Ka kuma yi hattara da masu tallan kayan asibiti a WhatsApp. Za su turo maka hoton na'ura tana sheƙi, kaya su iso babu wayoyin ido, babu manhajar kwamfuta. Ko oftalmoskop ɗin ma akwai jabu. Kada ka tura ko dala sai ka kunna shi da hannunka, ka leƙa idon akuya ka ga jijiyoyin jini ɓaro-ɓaro. Canjin da ya rage ka sayi tropicamide na buɗe ido da takardar fluorescein ta gano gyambon ido.