Hattara da mai sayar da jabun tsoffin kwabban Ayalan a Facebook

Jama'a, masu sha'awar tara tsoffin kuɗi, ku yi hattara. Akwai wani mutum da ke yawo da hotunan tsoffin kwabban jan ƙarfe na ƙasar Ayalan a Facebook da WhatsApp, yana cewa gadon kakansa ne, kuma wai akwai zinariya a cikinsu. Sai ka tura rabin kuɗi kafin ya aiko. Wanda ya yi sa'a ya samu jabu, wanda bai yi ba a toshe lambarsa.

Abin da ya fi tallatawa shi ne sisin kwabon William Wood, wani Baturen Ingila mai sana'ar ƙarfe. Kwabon yana da kan Sarki George na Ɗaya na Ingila a gaba, a baya kuma mace zaune da abin kiɗansu mai tsirkiya da rubutun HIBERNIA, wato sunan Ayalan da Latin. A 1722 Wood ya samu izinin buga su daga Ingila ba tare da an shawarci majalisar Ayalan da ke Dablin ba. Mutanen Ayalan suka ƙi karɓa, marubucin ƙasar Jonathan Swift ya yi ta rubuce-rubuce yana zuga su, duk da Isaac Newton, shugaban gidan buga kuɗin Ingila na lokacin, ya gwada ƙarfen ya ce mai kyau ne. A 1725 aka soke izinin. Shekaru uku kacal za ka gani a jikinsu: 1722, 1723, 1724. To wannan bawan Allah har da mai 1728 yake nunawa, alhali sarkin ya rasu tun 1727. Wallahi wannan rainin hankali ya yi mini ciwo, domin masu sabon shiga yake cuta. Zinariya kuwa babu ko ƙwayar zarra, kuma irin na 1723 suna da yawa a hannun masu tarawa.

Na gaskiya bugawa aka yi, nasa zubi ne. Ka duba gefen, za ka ga siririn layi inda bakin mazubin ya haɗu, fuskar da ƙananan ramuka kamar an tsattsaga da allura, haruffa sun yi dusu-dusu. Koren tsatsar ma shafa ta aka yi, farce yana ɗebe ta. In maganaɗisu ya kama shi, zance ya ƙare, jabu ne, domin maganaɗisu ba ya kama jan ƙarfe.

Yana kuma da kwabo mai kaza da 'ya'yanta, wai na 1928, amma an rubuta ÉIRE, wato Ayalan a yarensu. Na gaskiya na 1928 Saorstát Éireann ne a jikinsa, sunan ƙasar a wancan lokacin.

Kada ku tura ko sisi sai kun ga bidiyon gefen kwabon da nauyinsa a kan sikeli. Wanda ya riga ya biya ya adana rasit da hirarsu, ya kai ƙara bankinsa da wuri, ya kuma kai rahoton shafin.