Gargaɗi: Damfarar Gidaje da Filaye a Gembu, Kada Ku Tura Kafin Alƙalami Daga Nesa

'Yan'uwa masu sha'awar mallakar gida ko fili a Gembu da sauran garuruwan tsaunin Mambila irin su Nguroje da Maisamari, ku yi hattara da masu tallan gidaje a Facebook da WhatsApp. Jarin ɗan damfarar nan shi ne nisan hanya. Ya san mutumin da ke Kano ko Abuja ko Yola ba zai tashi yau ya bi ta Jalingo, ya wuce Bali da Serti, ya hau dutse daga Mayo Selbe don ya ga gida ɗaya ba. Tafiya ce mai cin kusan yini daga Jalingo kawai. Da wannan yake cin mutane.

Yadda abin ke tafiya kusan iri ɗaya ne kullum. Za a sa hoton gida mai rufin kwano, ga koren ciyawa, ga hazo a bayansa, a ce mai shi zai yi jinya ko ya koma wani gari, kuɗi yake nema da gaggawa, shi ya sa aka karya farashi. Ka kira, a turo maka bidiyo, wanda galibi daga waje aka ɗauka, don ba su da makulli. Sai a ce wani Alhaji ya riga ya taya, in kana so ka sa kafin alƙalami yau a riƙe maka. Lambar asusun da za a turo, sunan da ke kanta ba na wanda ke cikin takardar gidan ba ne, a ce na ƙaninsa ne ko na yaronsa. Daga nan sai kuɗin mai unguwa, kuɗin safiyo, la'adar dillali, kowanne kaɗan-kaɗan don kada ka farga. Ranar da ka ce ga ka nan tafe, ranar layin zai daina shiga.

Wannan mai sauƙin ganewa ne. Mai wuyar shi ne wanda gidan na nan, mutumin ma na nan, yana da alaƙa da gidan, amma ba shi da ikon sayarwa. Gidan gado ne da ba a raba ba, ɗaya daga cikin magada ya ɗauki takarda ya sayar a ɓoye. Kai ka biya, ka kawo kaya, sai ga 'yan'uwa mata da ƙannen da ke karatu a wani gari sun shigar da ƙara, kuma gaskiya na tare da su. In aka ce maka gidan gado ne, ka nemi takardar rabon gado daga kotu, ko kowane magaji ya sa hannu a gaban shaidu, har da matan. Wanda ya ce "ai ni ne babba, na isar musu", ka mayar da kuɗinka aljihu.

Akwai kuma damfarar dam. Tun da gwamnatin tarayya ta amince da kwangilar aikin wutar Mambila mai megawat 3,050 a 2017, ake samun masu cewa ka sayi fili a wuri kaza, ruwa zai ci wurin, gwamnati za ta biya ka ninkin ba ninkin. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ba haka ta ce ba. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, sashe na 29 kuma ya ɗora diyya a kan abin da ke bisa filin, wato gini da amfanin gona da makamantansu. Fili fetal ba ya kawo wannan garaɓasar da ake kwaɗaita maka.

A kan takardu, ga abin da mutane da yawa ba sa lura da shi. An ƙirƙiri jihar Taraba ne a watan Agustan 1991, kafin nan yankin na ƙarƙashin Gongola tun 1976. Takardar da ke ɗauke da kwanan watan 1987 amma kanta ya ce Taraba, jabu ce, haka mai kwanan watan 1996 da ke cewa Gongola. Takardar cinikin da mai unguwa ko jauro ya sa wa hannu shaida ce cewa an yi ciniki a gabansa, tana da amfani ƙwarai, amma ba ita ce shaidar mallaka ta gwamnati ba, kuma ba ta hana a ce an taɓa sayar wa wani a gaban wanda ya gabace shi. In gidan na da C of O, wato takardar shaidar mallaka ta gwamnati, ka ɗauki lambar fayil ɗin, kai ko lauyanka, a je ofishin filaye a Jalingo a duba sunan waye, kuma ko an jinginar da shi a banki. Sashe na 22 na dokar ya ce ba a sayar da irin wannan sai da amincewar gwamna. In kuwa mallakar gargajiya ce, sashe na 21 ya buƙaci amincewar ƙaramar hukuma, a nan ita ce Sardauna, hedikwatarta na nan cikin Gembu. Hoton takarda a waya ba komai ba ne, ka riƙe ta ainihi a hannunka. Filayen bayan gari kuma sai an ƙara taka-tsantsan, domin rikicin gona da makiyaya a wannan tsauni ya taɓa cin rayuka, kamar yadda aka gani a 2017. Ka tambayi ardo da jauro duka biyun ko wurin burtali ne ko makiyaya.

Sai awo. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 murabba'in mita 465 ne a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. A gangare, in aka ja tef a bisa ƙasa, ƙafa 100 ba ta cika 100. Gangare mai digiri 20 zai bar maka ƙafa 94, mai digiri 30 kuwa 87 kacal, kuma a cikin wannan za ka yanke tudu ka gina katangar tare ƙasa. Ka kawo mai safiyo mai rajista wanda kai ka ɗauko ka biya, ya kafa duwatsun iyaka maƙwabta na tsaye. In akwai bishiyoyin turare a filin, a rubuta a takarda ko suna cikin cinikin, don sau da yawa wanda ya dasa daban, mai fili daban, wata rana sai ka ji ƙarar injin yanka.

Gidan kansa, kada ka yarda da ganin rani. Damina a Mambila doguwa ce, tana kai wa watan Oktoba har ta ɗan gota, kuma gidan da ya yi fes a Janairu zai iya zama fadama a Agusta. Ka je bayan an kwana ana ruwa. Ka zagaya bayan gida, ɓangaren da ke jingine da tudu, nan ne aibu ke ɓuya. Ka dafa bango da tafin hannu daga ƙasa zuwa gwiwa: in ka ji sanyin danshi, ko ka ga fenti ya yi ƙuraje, ko sabon fenti a ƙasan bango kaɗai sama tsoho, ruwa na hawa ta fandisho. Ka ƙwanƙwasa filasta da makulli, in ta yi ƙarar ganga ta rabu da bango. Ka nemi izini ka ɗan soka ƙusa a wani lungu, don akwai masu shafe tubalin ƙasa da siminti su ce ginin bulo ne. Tubalin ƙasa ba laifi ba ne, yana ma riƙe ɗumi a garin sanyi, amma kuɗinsa ba ɗaya ba ne da na bulo.

Tsagewar da ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ta fi faɗi a sama, tare da ƙofar da ke cijewa, alama ce gefe ɗaya na gidan na zaune a kan ciko kuma cikon na sauka. Katangar tare ƙasa da ba a bar mata ramukan fitar ruwa ba, ko ta fara yin ciki, ita ce ke faɗowa a kan ɗakin kwana tsakar dare. Ka ɗaga silin guda ka haska toci ka ga ko katako ya yi baƙi ya ruɓe. Ka duba rijiya: in masai, naka ko na maƙwabci, na sama da ita a kan gangare, ko tazararsu ba ta kai mita 30 ba, ruwan ba na sha ba ne. Ka kuma duba ko mota na iya isa ƙofar gidan cikin laka, don kuɗin dakon yashi da siminti zuwa inda tifa ba ta hawa na iya cinye rangwamen da aka yi maka.

Biya kuma ta banki, zuwa asusun mai sunan da ke cikin takarda, bayan an sa hannu a yarjejeniyar da lauyanka ya rubuta, a rubuta dalilin biyan a jikin turawar. Wanda aka riga aka cuta, kada kunya ta hana shi magana. Ya kira bankinsa a ranar ya nemi a bi sawun kuɗin, ya adana saƙonni da rasit da lambobin waya ba tare da goge komai ba, ya kai ƙara ofishin 'yan sanda ko EFCC. Dokar hana damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga mai karɓar kuɗin mutane da ƙarya, kuma rasit ɗin banki mai ɗauke da sunan asusun shi ne abu na farko da mai bincike zai nema.