Mun karance The Chocolate War da 'yan SS2 ɗina, ga yadda na same shi

Kai tsaye dai littafin nan ya yi, amma fa ba irin wanda za ka miƙa wa yaro ka ce je ka karanta ka juya baya ba ne. Ni malamin Turanci ne a wata makarantar kwana ta maza a nan ƙauyukan Jigawa, kuma zangon da ya wuce da shi muka yi zaman karatun da muke yi da 'yan SS2 bayan la'asar a gindin darbejiya kafin a kaɗa ƙararrawar abinci. Kwafi ɗaya tal gare mu, gwanjo, wajen masu baza tsofaffin littattafai a Sabon Gari na tsinto shi da na shiga Kano, bangon ya sha jiki amma ba shafin da ya ɓace. Ni ke karantawa da ƙarfi in tsaya in warware da Hausa, wani lokacin in miƙa wa wanda bakinsa ya ɗan faɗa ya ja mana shafi ɗaya ko biyu. Wanda ba ya son a ɓata masa labari ya tsaya a nan, don har ƙarshen zan faɗa.

Marubucin Ba'amurke ne, Robert Cormier, asalinsa ɗan jarida, littafin kuma ya fito a 1974. Labarin wani yaro ne Jerry Renault, sabon shiga a wata sakandaren maza ta 'yan Katolika mai suna Trinity. Mahaifiyarsa ba ta daɗe da rasuwa ba, ciwon daji ne ya yi ajalinta, uban kuma ma'aikacin kemis ne da tun rasuwar ya zama yana gidan amma kamar ba ya nan. A makarantar duk shekara ana raba wa ɗalibai cakulan su je su sayar a tara wa makaranta kuɗi. To wannan shekarar shugaban makarantar na kwance ba lafiya, sai mataimakinsa Brother Leon ya samu wuri ya je ya jibgo kwali 20,000, ninkin na bara, ya kuma ɗaga kuɗin kwali daga dala 1 zuwa dala 2, kowane yaro kwali 50 ne a kansa. A baki an ce ba dole, sai wanda ya ga dama.

Sannan akwai wata ƙungiyar asiri ta ɗalibai da ake ce wa Vigils, malamai sun san da ita sarai amma kowa ya kau da kai. Mai tsara mata komai wani yaro ne Archie Costello, shi ba ya duka, aikinsa kawai ya zauna ya ƙirƙiro aikin wulaƙanci ya ɗora wa yaro, kuma ba wanda ya isa ya ce ba zai yi ba. Su suka sa Jerry ya ƙi karɓar cakulan na kwana 10 don kawai su ɗaga wa malamin hankali, da sharaɗin in kwanakin sun cika ya karɓa. Kwanaki suka cika, aka kira sunansa, ya sake cewa a'a, wannan karon ba wanda ya sa shi. Daga nan ne wuta ta tashi.

Wajen kiran sunan nan ne na fara gane littafin ya kama yaran. Kullum Brother Leon sai ya buɗe rajista ya bi suna ɗaya bayan ɗaya kowa ya amsa a gaban aji, in aka zo kan Jerry ajin ya yi tsit. Ina cikin karantawa sai na ji ana ƙunshe dariya a baya, na ce lafiya? wani ya ce Malam ai wannan karo-karon fatin 'yan SS3 ne, haka monita ke tsayawa da takarda yana kiran wanda ya biya da wanda bai biya ba, shi ma an ce ba dole. Wani kuma ya ce shi ranar da bai da kuɗin ba ya shiga aji sai an gama kiran, ya gwammace a yi masa bulalar latti. Yaron nan na san gidansu, sai an sayar da riɗi ko gero ake aiko masa da ɗan abin kashewa, kuma ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka a ajina ba. Ba cakulan muke sayarwa ba amma ba wanda ya buƙaci in yi masa bayanin wannan babin.

Babin da ya fi tsaya min a rai ni kam na wani yaro ne Bailey, mai ƙoƙari, shiru-shiru. Brother Leon ya fito da shi gaban aji ya hau tuhumarsa da satar amsa ba gaira ba dalili, wai ta yaya kullum yake cinye jarrabawa, ya yi ta juya shi yana muzanta shi 'yan aji na dariya, sai can da ƙyar murya ɗaya ta fito daga baya ta ce a ƙyale yaron. Da ya gama sai ya juyo kan ajin ya ce su ne masu laifi, sun zauna sun zuba ido ana zaluntar wanda suka san bai yi komai ba, har ya kwatanta ajin da Jamus ta zamanin Nazi. Abin haushin maganar tasa gaskiya ce, amma mai faɗarta shi ne ya gama cin zalin, kuma ka ga alamar ya ji daɗin yi. Nan sai da na tsaya na ba su labarin Hitila a taƙaice don da yawa sunan kawai suka sani. Mun kwashe zaman ranar gaba ɗaya a kan wannan babin, yaran suka rabu biyu, wasu na cewa darasi ya koyar, wasu na cewa mugunta ce kawai ya lulluɓe ta da darasi. Ni ina tare da na biyun. Kuma duk malamin da ya taɓa fito da yaro gaban allo ya mayar da shi abin dariya don aji ya ji tsoronsa, in ya karanta wannan wajen jikinsa zai yi sanyi.

Abin da ya bambanta littafin da irin waɗanda muka saba ba yara shi ne bai tsaya kan mugun siniya ba. Brother Leon da kansa ya nemi Archie ya ce Vigils su sa hannu a cinikin, saboda ya taɓa kuɗin makarantar da bai kamata ya taɓa ba wajen sayo kayan, dole su ƙare ko asirinsa ya tonu. Har wani yaro mai ƙoƙari ya kayar a jarrabawa da gangan don ya matse shi ya faɗa masa wa ya sa Jerry ƙin karɓa. In ɓera da sata daddawa ma da wari. Mu da muke makarantun kwana mun san yadda abin yake, malami ya gaji ko gidansa na cikin gari, sai ya sakar wa firifet hostel gaba ɗaya, in dai an yi shara an fito asambuli a kan lokaci ba ya tambayar ta yaya aka yi. Juniya ya ɗebo ruwa a fanfo tun asuba, ya wanke yunifom ɗin siniya, ranar bizitin kafin iyayensa su kai bakin titi an raba garin kwakinsa da sugansa da ƙuli-ƙulin da uwarsa ta kwana tana yi, in ya kai ƙara a sa masa suna munafiki har ya gama makarantar. A cikin masu zaman namu akwai firifet biyu, ɗaya ya daina zuwa da muka kai tsakiyar littafin, ɗayan kuma ya tsaya ya yi ta kare kansa yana cewa Malam mu ma haka aka yi mana a JSS1, in ba ka yi ba raina ka za a yi. Ban ga laifin da ya faɗa ba, gara wanda ya faɗa a fili.

Yadda aka gasa wa Jerry ma marubucin ya san aikinsa. Da farko wasu yaran har burge su ya yi, ciniki ya fara ja da baya, sai Vigils suka karɓe sayarwar suka mayar da ita abin yayi, suna sayarwa suna rubuta wa wasu yaran cewa sun cika 50 ɗinsu alhali ba su sayar ba, nan da nan wanda ya ƙi ya zama maƙiyin makaranta. Ana bugo waya gidansu cikin dare a yi dariya a kashe, aka yi kaca-kaca da lokarsa, aka yayyaga takalmin wasansa, aikin da ya miƙa wa malami ya yi ɓatan dabo, wani ƙato Emile Janza ya tare shi a hanya ya sa yara suka yi masa taron dangi. Sai kuma aka zo aka daina kula shi kwata-kwata, ya wuce kamar ba a gan shi ba. Da na tambaye su wanne ya fi ciwo kusan duk cewa suka yi ƙauracewar, wai duka ka sha ka warke, amma a ce ka zo da kwanonka layin gabza kowa ya matsa, ka yi sallama a ɗaki ba mai amsawa, wannan ba a jure shi.

Yanzu matsalolinsa, don yana da su. Turancin Amurka ne na 'yan makaranta na shekarun 1970, yaron da ke fama da littafin JAMB ba zai iya shi shi kaɗai ba. Babin farko ma da ƙwallon Amurka ya buɗe, wadda ake runguma a hannu ana ture juna, yarana suka yi ta tambaya ina gola, ni ma dai taƙaitawa na yi muka wuce. Sai ka yi bayanin su waye Brother ɗin nan, wato malaman coci ne da ba sa aure suke koyarwa. Babi 39 ne gajeru, wannan ya taimaka, amma kusan kowane babi ta idon wani yaro daban ake ba da labarin, sai da muka rubuta sunaye a kwali muka rataya a jikin bishiya. Mata kuwa babu su a labarin sai dai a matsayin abin kallo.

Babbar matsalar a wajenmu ita ce akwai wuraren da ba su dace da tarbiyyarmu ba, zagi, da tunanin samari a kan mata, da abin da wasu ke yi a ɓoye, da wajen da Janza ya jefi Jerry da mummunar kalma don ya tunzura shi. Ba mu kaɗai ba, a can Amurkan ma yana cikin littattafan da iyaye suka fi neman a cire daga makarantu, a jerin ƙungiyar ɗakunan karatu ta ƙasar shi ne na 4 a shekarun 1990 zuwa 1999, na 3 a 2000 zuwa 2009. Ni kafin kowane zama nake karanta babin da daddare in sa fensir a inda zan tsallake, labarin kuma bai rage komai ba. Shi ya sa ban bar kwafin ya kwana a hostel ba duk da naci da suka yi ta yi.

Ƙarshen ne ya tayar da ƙura. Archie ya shirya dambe a filin makaranta da daddare tsakanin Jerry da Janza, aka sayar da tikiti, kowa ya rubuta wa zai daki wa da irin naushin da yake so, makaranta guda ta taru tana ihu, aka yi wa yaron nan dukan da sai motar asibiti ce ta ɗauke shi. Brother Leon na tsaye daga nesa yana kallo, da wani malamin ya zo zai tuhumi Archie, Brother Leon ɗin ne ya kare shi. Jerry kuma a kwance jina-jina yana ƙoƙarin gaya wa abokinsa Goober cewa ya bi abin da aka ce kawai, kar ya yi irin tasa. Na rufe littafin yaran suka ce Malam ci gaba mana, na ce ya ƙare. Wallahi kamar su dake ni. Wani ya ce wannan ai ba labari ba ne, ina sakayya? wani ya ce to amfanin me, an nuna mana sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi kenan mu yi shiru. Sai yaron nan na bulalar latti ya ce shi bai ga haka ba, da mutum goma sun ce a'a tare da Jerry da Archie bai isa ba, Goober ma da yake abokinsa daina sayarwa ya yi a ɓoye bai taɓa tsayawa a fili ya ce ina bayansa ba. Har aka kira magariba ba su daidaita ba. Marubucin ma sai da kamfanonin ɗab'i da dama suka mayar masa da littafin saboda ya ƙi canja wannan ƙarshen, alhali abin da ya jawo labarin ɗansa ne ya taɓa ƙin sayar da cakulan a makarantarsu kuma shi ba abin da aka yi masa.

Don haka 'yan SS2 da SS3 tare da malami a kusa, na yarda, 'yan JSS kuwa a'a, musamman yaron da yanzu haka ake cin zalinsa, in ya karanta shi kaɗai zai iya ɗauka cewa shiru ne mafita. Malaman hostel da fom masta su ma ya kamata su nema. Akwai ci gabansa da ya fito a 1985, akwai kuma fim ɗinsa na 1988, sai dai a fim ɗin an juya ƙarshen, Archie ne ya shiga damben ya sha kashi. Na riga na gaya wa nawa, duk wanda ya je hutu ya sa aka tura masa fim ɗin a waya ya dawo ya rubuta min cewa Jerry ne ya yi nasara, sifiri zan ba shi.