Sunan karen gadi da zai zauna wa namiji da mace: da wane harafi za ka fara?

Masu kiwon karnukan gadi a Kano sukan karɓi kuɗin kafin alƙalami tun karya tana da ciki, musamman in irin na waje ne kamar Alsatian ko Boerboel. Ka biya, ka koma gida kana jira, ba ka san ko namiji ne zai zama rabonka ko mace ba. Kafin a yaye ɗan kwikwiyon kuwa yara sun riga sun raɗa masa suna. A wasu gidajen kuma sunan gado ne: kare ya mutu, a kawo wani, baba maigadi ya ci gaba da kiran sunan da bakinsa ya saba da shi. Shi ya sa sunan da bai nuna jinsi ba yake da rana, kuma hanya mafi sauƙi ta tankaɗe sunaye ita ce a fara duba harafin farko.

Turawa sun daɗe da wannan tsari. A Jamus, inda Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar masu kiwon Alsatian a 1899, al'adar masu kiwo ita ce duk 'ya'yan haihuwar farko sunansu ya fara da A, na haihuwa ta biyu da B, haka har ƙarshen haruffa. A Faransa shekara ce ke da harafi. Tun 1926 ake yin haka a littafin rajistar karnukansu: 2024 ta samu V, 2025 aka dawo kan A. Sun jingine K, Q, W, X, Y da Z, sai zagayen ya zama shekara 20. Can amfanin harafin na magatakarda ne, ya ji suna ya san shekarar haihuwa. Mu nan babu mai tambayarka rajista. Harafin zai yi wa kunne biyu aiki ne, na karen da na maƙwabcinka, kuma na biyun ya fi wuyar sha'ani.

Ina maganar karen gadi ne da na gona da na farauta. Hadisin ragin lada ga mai ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko noma ba sananne ne, yana cikin Buhari da Muslim. Malaman Malikiyya kuma suna kawo labarin Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, mai Risala, da ya ajiye kare bayan katangar gidansa ta faɗi. Da aka tuna masa cewa Imam Malik ya ƙi hakan, ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Batun kuɗin sayen kare akwai saɓani a kansa, wannan ka kai wa malaminka.

Kafin haruffa, ka fitar da sunayen da suke zuwa biyu-biyu. Baƙi na da Baƙa, Fari na da Fara, Zaki na da Zakanya, Jarumi na da Jaruma. Duk wanda ka ɗauka a ciki ka riga ka yanke jinsi. Sunan abu ya fi siffa zama lafiya: dutse, toka, goro, citta. Ko a nan ma kunne yana da nasa hukuncin, don masu ƙarewa da -iya ko -uwa irin su Walƙiya, Tsamiya da Guguwa suna jan hankali wajen mace, ga shi kuma sun yi tsawo. Gaɓa biyu ta isa. Da ƙarfe biyun dare, janareta yana ruri, kare ya nufi ƙofa da gudu don ya ji motsin ɗanka da ya dawo a makare, ba ka da numfashin kiran suna mai gaɓa huɗu.

A, I, U, M, H da S su ne na fara sokewa. Nan sunayen mutane suka yi cincirindo, na annabawa da sahabbai da na iyayenmu, kuma ba sai sunan ya zama iri ɗaya ba kafin a yi rigima, kama kawai ta isa. Hadari suna ne mai kyau ga kare mai duhun jiki, amma ka ƙwala shi daga bene ka ji yadda yake komawa Haidar ko Hadi. Sanyi da Sani ba su da nisa. Iska kuwa kowa ya san abin da za a ɗauka kana nufi. Ban da wannan, S da H da F sauti ne na huci, hayaniyar titi tana haɗiye su. Madara ce kaɗai nake ɗaga wa ƙafa a wannan rukuni, ga farin kare, in gidan ba mai yawan aiken yara sayen madara ba ne.

K da Ƙ su ne masu horar da karnuka suka fi yabo, don sautin yana fita a tsaye kamar an buga ƙwarya. Gaskiya ne, amma a Kano akwai matsala. Wace kalma ake ƙwalawa a kowane lungu fiye da "kai!" da "ke!"? Karen da sunansa ya fara da Ka- zai wuni yana ɗaga kunne a banza, har ya gaji ya daina kulawa. Mafi haɗari shi ne Kanwa, don tazararsa da "kama" kaɗan ce, kuma wannan kuskure ne da ake biya da jinin baƙo. Kwalli ya dace da baƙin kare, namiji ko mace, sai dai farkonsa iri ɗaya ne da na "kwanta". Wanda ya tsira a nan shi ne Ƙarfe. Ƙ tana da kaifin da babu wani umarni da ya yi kama da ita. Wasu sukan kawo Ƙiɗmir, sunan da littattafan tafsiri suka ba karen As'habul Kahfi. Ni dai ba zan so in riƙa tsawatar wa wannan suna a bakin kwata ba.

Z ta faɗi tun a zagayen farko: "zo" da "zauna" su ne kalmomi biyu na farko da kare yake koya, Zuma kuma tana zaune a tsakiyarsu. Haka B take karo da "bari". Barkono na da daɗin faɗa, ga ɗan ƙaramin kare mai zafin rai, amma gaɓa uku ne. Bindiga kuma, don Allah, ka yi tunanin abin da zai faru a layinku in ka fito tsakar dare kana ihun kiranta. Wuta, Gobara da Maciji duk hukuncinsu ɗaya.

D da G nan kasuwar take. Sauti ne mai nauyi daga ƙirji, yana tafiya nesa, kuma umarnin yau da kullum da suka fara da su ba su da yawa. Duna tsohon suna ne na baƙin kare a wajen mafarauta, sai dai ana yi wa mutum mai duhun fata laƙabi da shi, don haka ka fara tabbatarwa babu Duna a unguwa. Dodo na zama wa kowane jinsi, ya kuma dace da karen gona, amma a gidan da ake da ƙananan yara kana koya musu tsoron abin da za su rayu tare da shi. Dutse shi ne zaɓina: gaɓa biyu, ya fara da nauyi ya ƙare da kaifin ts, ba ya kama da sunan kowa, ba a kuma yawan ambatonsa a hirar gida. A ɓangaren G akwai Giwa, wadda ko da yake kalmar mace ce, da ita ake yi wa manyan maza kirari, don haka ta zauna wa Boerboel ko wane jinsi ne. Goro ya dace da jan kare, in ba gidan Alhajin da ke cewa "miƙo min goro" sau goma kafin azahar ba ne. Sunan da ake ji kullum ba tare da an nufi karen ba, lalacewa yake yi. Abubuwa biyu za ka kauce wa a nan. Gambo ana sa wa namiji da mace, amma sunan mutane ne. Garkuwa kuma, duk da ya yi daidai da aikin gadi, sarauta ce, kamar Barde da Jarmai. Ba a wasa da wannan a garin da ke da fada.

T tana biye. Toka ga mai ruwan toka, Tama ga mai ƙarfi, Tagulla ga ja mai sheƙi in ka yarda da gaɓa uku. Tsawa ce mai ruɗi, kowa yana sonta, alhali harafi ɗaya ya raba ta da "tsaya". C na da Citta da Cinnaka. R kuwa kada Rimi ya burge ka, bishiya ce, amma a Kano da ka faɗa an tuna da tsohon gwamna Abubakar Rimi. Sunan ɗan siyasa ko na kusa da shi ba abin gwaji ba ne: a 2016 wani ɗan kasuwa a jihar Ogun ya kwana a hannun 'yan sanda har aka kai shi kotu saboda ya sa wa karensa Buhari.

Sai sunayen Turanci da suka zama ruwan dare, Bingo, Taiga, Laki. Ribarsu ɗaya, ba su taɓa sunan kowa a cikin gari ba, ba su kuma nuna jinsi a kunnen Bahaushe. Asararsu ita ce yawa. A Sabon Gari ko Nasarawa ka kira Bingo, karnuka uku su amsa daga gida uku. In kuma karen da za ka saya an riga an fara horar da shi, tambayi mai sayarwa da wane harshe aka koya masa umarni. Da yawa da Turanci ake yi, kuma a nan lissafin yana juyawa: Zuma ta sami lafiya, Citta kuma ta shiga rikici da "sit".

Kafin ka tsayar, ka tsaya a bakin ƙofa da magariba ka kira sunan da ƙarfi sau biyu, ba tare da karen ba. In wani ya waiwayo a layi, canja. Ka sa baba maigadi da uwargida da ƙaramin yaron gidan su faɗa, ka ji ko duk abu ɗaya suke faɗa, don in maigadinka ba Bahaushe ba ne Ƙarfe zai iya zama Karfe a bakinsa, karen ya tashi da suna biyu.

Ka gama wannan kafin zuwan farko wurin likitan dabbobi, ko a Gwale ko Kundila ko na kuɗi, don sunan da aka rubuta a katin rigakafi shi zai bi karen. Allurar farko ta cututtukan 'yan kwikwiyo, har da mai sa zawo da jini da ke kashe su da yawa, ana fara ta ne a sati 6 zuwa 8. Ta ciwon haukan kare a wata 3, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara. Mai sayarwa da ya ce an yi allura amma ba shi da kati mai kwanan wata da sa hannun likita, ka ɗauka ba a yi ba, ka rage masa kuɗin allurar a cikin ciniki.