Kafson man kifi ko kifin kansa: wanne ya fi wa mai tansiyo?

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya. Kin ce shekara uku ke nan yana shan maganin tansiyo, sai wata maƙwabciya ta kawo miki robar kafson man kifi, ta ce yana wanke jijiyoyin jini har mutum ya ajiye magani. Kina so ki san abin da ya fi: ki saya masa kafson, ko ki riƙa dafa masa kifi. Ni dai a ganina kifi ne. Amma bari in ajiye miki su biyun gefe da gefe, ki auna da kanki.

Abin da ake nema a cikinsu ɗaya ne, wani irin kitse da ake kira omega-3, musamman nau'i biyu, EPA da DHA. Asalinsa daga ƙananan tsirran cikin teku yake, ƙananan kifaye su ci, manya su ci ƙananan, kitsen ya taru a jikinsu. Idan ya shiga jikin mutum yana rage wani kitsen jini da likitoci ke kira tiriglisarid, yana taimaka wa bangon jijiya ya ɗan saki, yana rage saurin daskarewar jini, yana kuma kwantar da kumburin cikin jijiya. Duk wannan gaskiya ne. Maganar wankewa ce ba ta da tushe. Jijiyar da kitse ya riga ya manne mata ba bututun pampo ba ce da za a zuba abu ya share ta. Kuma kolestarol ɗin da ya fi toshe jijiya, wanda za ki ga an rubuta LDL a takardar awo, man kifi ba ya rage shi.

Tansiyon fa? Yana sauka, amma kaɗan ƙwarai. Mu nan da muke cewa tansiyon wane 16 ne ko 14, ragin da ake samu ga mai shan giram 2 zuwa 3 na omega-3 a rana bai kai rabin lamba ɗaya ba. Wanda yake 16 ba zai dawo 13 da man kifi ba, ko na kafso ko na tukunya. Wannan ne wurin da ya fi tayar mini da hankali a tambayarki, don na ga dattijon da ya bar ƙwayarsa saboda irin wannan magana, bayan wata biyu aka kwashe shi zuwa asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Don Allah kada Alhaji ya tsallake maganinsa ko na kwana ɗaya.

To, mu fara da kafso. Juya robar ki duba bayanta. Yawancinsu an rubuta 1000 mg, wato giram 1, da manyan haruffa a gaba, amma wannan nauyin man ne gaba ɗaya. A ƙananan rubutun baya za ki tarar da EPA 180, DHA 120, wato 300 mg kacal na omega-3 a kowane kafso. Kafin a kai giram 2 ko 3 ɗin da na ambata sai mutum ya haɗiyi bakwai zuwa goma kullum. Mai shan ɗaya da safe bai ma kama hanya ba.

Kuma an gwada shi, gwaji mai yawa. Tun a shekarun 1970 wasu likitoci biyu ƴan Danmak, Bang da Dyerberg, suka lura da jinin mutanen Girinland masu rayuwa a kan kifi da naman dabbobin teku, daga nan duniya ta ɗauki zancen. A 1999 wani bincike a Italiya kan mutum fiye da 11,000 da suka taɓa samun toshewar jijiyar zuciya ya nuna giram 1 a rana ya rage mace-mace, kasuwar kafso ta buɗe. Sai dai manyan gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su mara masa baya ba. A 2018 aka fitar da sakamakon biyu: ɗaya a Birtaniya kan masu ciwon suga fiye da 15,000, ɗaya a Amurka kan mutum kusan 26,000. Kowanne an ba rabin mutanen giram 1 a rana na tsawon shekaru, rabi kuma aka ba su kafson da babu man kifi a ciki. Da aka haɗa lissafin toshewar jijiyar zuciya, shanyewar ɓarin jiki da mutuwa, bambancin bai kai a kafa hujja da shi ba. Na Amurkan ya ɗan nuna raguwar toshewar jijiyar zuciya ita kaɗai, kuma ragin ya fi fitowa a wurin waɗanda dama ba sa cin kifi sosai. Wannan ma ai kifin yake nuna mana.

Akwai inda kafso ya yi rawar gani, kada in tauye masa haƙƙi. A shekarar 2018 ɗin dai, wani gwaji mai suna REDUCE-IT ya ba mutum 8,179 masu yawan tiriglisarid, waɗanda ke shan maganin kolestarol, tataccen EPA giram 4 a rana, matsalolin zuciya suka ragu da kashi 25 cikin 100. Amma wancan magani ne na takardar likita, ba irin robar da aka kawo miki ba. Kuma a 2020 wani gwajin da ya haɗa EPA da DHA giram 4 kan mutum 13,000 bai ga amfani ba, har aka tsayar da shi kafin lokaci. A duka biyun an ga ƙaruwar wata matsala, zuciya ta riƙa bugawa ba bisa tsari ba. Shi ya sa mai yawan sha ba tare da likita ba yana iya jawo wa kansa abin da yake gudu, balle in yana haɗawa da asfirin ko wani maganin tsinka jini.

Sai matsalar da ta fi shafar mu a Damagaram: zafi. Wannan kitsen ba ya jure rana da iska, da wuri yake lalacewa. Ki tuna watan Afrilu da Mayu, zafi ya wuce 40, roba tana kan tiren mai talla a bakin tasha tun hantsi har la'asar, kwana da kwanaki. Ɗauki kafso ɗaya ki tsaga shi da reza a kan faranti, ki shinshina. Mai kyau ƙarninsa kaɗan ne, man garau. Wanda ya lalace warinsa na bugun hanci kamar tsohon man suya, in kin ɗanɗana ya yi ɗaci a maƙogwaro. Irin wannan a zubar.

Yanzu kifi. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta daɗe tana cewa a ci kifi sau biyu a mako, kowane ci kimanin giram 100, an fi son mai maiƙo. Kifi ba omega-3 kaɗai yake kawowa ba, akwai furotin, akwai bitamin D, a sardin ɗin gwangwani har ƙashin ana taunewa a samu sinadarin ƙarfafa ƙashi. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba kuma, ranar da aka ci kifi ba a ci tsire mai kitse ko soyayyen naman rago ba. Kafso kuwa ana haɗiye shi ne a kan abincin da aka saba, babu abin da ya sauya a kwano.

Amma ba kowane kifi ba ne ɗaya. Tarwaɗa da karfasa na tafkunanmu, irin na Gidimuni, da bandar da ke zuwa daga wajen Diffa, abinci ne mai kyau, sai dai omega-3 ɗinsu kaɗan ne in an gwada da na teku. Masu shi da yawa biyu ne a kasuwarmu: sardin, da kifin ƙanƙara mai zanen baƙi a gadon baya, wanda masu Faransanci ke ce wa makaro, ƴan Najeriya su ce titus. Giram 100 na ɗayansu yana ba da kusan giram 1 ko fiye, daidai da kafso uku ko sama. In kin je Kasuwar Dole ki danna jikin kifin da yatsa, ki ɗauki wanda yake daskare tauri, ba wanda ya narke aka sake mayarwa firiza ba.

Dafuwar ce ke gyara shi ko ta ɓata shi. Idan aka tsoma shi a tafasasshen mai har ya yi ƙurus, an ƙara masa wani kitsen, an kuma rage wanda ake nema. Farfesu, gashi ko miya sun fi. Sai gishiri, wanda shi ne babban abokin gabar mai tansiyo: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙule. Sardin ya zo da gishirinsa. Ni yadda nake yi wa mahaifiyata, in buɗe gwangwanin, in tsiyaye man, in farfasa kifin a kan dambu da zogale, in yanka albasa da tumatir, in matsa lemun tsami. Ba na ƙara gishiri ko dunƙule, kuma takan cinye tas.

Robar nan kuwa kada ki mayar tukuna. Ranar da Alhaji zai koma awo, ki sa ta a jaka ku nuna wa likitansa tare da duk magungunan da yake sha, ku roƙa a auna masa tiriglisarid da kolestarol. In awon ya nuna yana buƙatar man kifi, likitan zai rubuta irin da ya dace da adadinsa, a saya a farmasi. Kafin nan ki ware masa kwana biyu a mako, ko Litinin da Alhamis, na kifi.